Ta ina zan fara koya wa ɗalibai rubuta takardar shawara da Turanci a kan gyaran ɗakin kwamfuta?

Tambaya: Ni malamar Turanci ce a manyan azuzuwan sakandare. Na ba ɗalibaina aikin rubuta takardar shawara, wato furofozal, zuwa ga shugaban makaranta a kan yadda za a inganta ɗakin kwamfuta. Abin da suka kawo mini kashi biyu ne: wasu sun rubuta insha'i a kan amfanin kwamfuta a wannan zamani, wasu kuma wasiƙar koke. Ta ina zan fara gyara?

Amsa:

Malama, abin da ɗalibanki suka kawo miki shi ne abin da yawancin ɗalibai suke kawowa a karon farko, kuma sau da yawa ba raunin Turanci ne ya jawo ba. Ba su da abin faɗa ne. An ce su nemi a gyara ɗakin kwamfuta, alhali a cikinsu babu wanda ya san kwamfuta nawa ce a ɗakin, nawa ke tashi, nawa suka mutu, ko minti nawa ɗalibi ɗaya yake samu a gabanta cikin mako. Wanda bai riƙe waɗannan a hannu ba dole ya cika shafi da abin da ya sawwaƙa: ko ya ce duniya ta ci gaba komai ya koma kwamfuta, ko ya yi ta kuka cewa an yi watsi da ɗalibai. Saboda haka shawarata ita ce ki ɗan ajiye nahawu da tsarin takarda tukuna. Darasin farko a ɗakin kwamfutar za a yi shi, gani ya kori ji.

Kafin ku shiga, ki tabbatar sun gane wa suke rubuta wa. Mai karanta takardar shawara mutum ne da kuɗin hannunsa bai kai buƙatun da ke gabansa ba. Akwai rufin da ke yoyo, akwai littattafai, akwai kayan ɗakin gwaje-gwaje, kowa na jiransa. Tambayoyi uku yake ɗauke da su yana karatu: me kake so in yi, me zai ci, kuma me ya sa zan yi wannan in bar wancan? Rahoto yana ba da labarin abin da ya riga ya faru. Koke yana nuna wanda ya yi laifi. Takardar shawara gaba take duba, tana neman a yanke hukunci. Idan shugaban makaranta ya gama karantawa bai san abin da zai ce "na amince" a kansa ba, takardar ta faɗi, komai kyan Turancinta.

Ki raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni da aikinsa. Wasu su ƙirga na'urori su rubuta halin da kowace take ciki: wadda ba ta tashi sam, wadda take tashi amma ba ta da maus, wadda maɓallan kibod ɗinta suka cire. Wasu su riƙe agogo su auna tsawon lokacin da kwamfuta take ɗauka daga kunnawa zuwa lokacin da za a iya fara aiki. Wasu su duba jadawali su gano awa nawa ɗakin yake buɗe, awa nawa yake kulle. Wasu su yi hira da malamin da ke kula da ɗakin, domin shi ya san abin da ya fi lalacewa da abin da aka taɓa gwadawa bai yi ba. Rukuni na ƙarshe ya shirya gajeruwar takardar tambayoyi ga sauran ɗalibai. A nan sai kin sa ido, don tambayar farko da za su rubuta ita ce "Do you want better computers?", kuma babu ɗalibin da zai ce a'a, don haka amsar ba ta da amfani. Ki tura su ga irin "How many times did you use the computer room last week?" da "What stopped you from finishing your work?" Kin ga tun ba a fara rubutun ba sun yi atisayen gina tambaya, da faɗar adadi, da kwatanta kashi, duk da Turanci kuma a kan abin da ya shafe su.

Abin da ke fitowa daga wannan bincike yakan ba ɗalibai mamaki. Sun shiga da tunanin cewa maganin shi ne a sayi sababbin kwamfutoci, sai su tarar matsalar tana wani wuri. Wataƙila na'urorin suna aiki amma ɗakin a kulle yake da zarar an tashi darasi. Wataƙila rabin darasin yana ƙarewa ne wajen jiran na'ura ta tashi, kuma abin da ake buƙata shi ne a cire tsohon had disk a sa ma'ajiya mai sauri da ake kira SSD, a kuma ƙara RAM, wato ƙwaƙwalwar da na'ura take aiki da ita, wanda bai kama ƙafar kuɗin sabuwar na'ura ba. Wataƙila intanet ne ba ya ɗaukar aji guda a lokaci ɗaya, kuma akwai manhajoji irin su Kiwix, wadda ake karanta Wikipedia da ita ba tare da intanet ba, da Kolibri, wadda ke rarraba darussa daga na'ura ɗaya zuwa sauran na ɗakin. Akwai kuma batun da ya dace su duba da idonsu: kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 tana buƙatar aƙalla RAM mai gigabait 4, ma'ajiya mai gigabait 64, da guntun tsaro na TPM 2.0, wanda tsofaffin na'urori da yawa ba su da shi. Ɗalibin da ya rubuta cewa na'urori kaza a ɗakinmu ba za su iya ɗaukar Windows 11 ba, don haka ko a sauya su ko a sa musu Linux mara nauyi, wato wata manhajar gudanar da kwamfuta a madadin Windows, ya ba shugaban makaranta dalilin da ba zai iya kau da kai daga gare shi ba.

Ba lallai ki zama injiniya ba kafin ki jagoranci wannan. Abin da za ki nace a kai shi ne su jera mafita hawa-hawa: abin da ba ya cin ko sisi, kamar sauya jadawali, abin da ke cin kaɗan, kamar gyara da sayen ƙananan kaya, sannan abin da ke cin da yawa. Ki kuma tambaye su wa zai gyara idan ta lalace bayan wata shida. Ɗalibai kusan kullum suna mantawa da wannan, shi kuwa mai riƙe da kuɗi ba ya mantawa, domin ya san sayen na'ura somin-taɓi ne, ga wuta, ga gyara, ga tawadar firinta, ga lasisin manhaja.

Akwai jimla ɗaya da nake hana ɗalibai rubutawa sai sun kawo hujja, ita ce cewa ƙarin kwamfutoci zai ɗaga sakamakon jarrabawa. Kowa yana jin daɗin faɗarta, amma bincike bai mara mata baya kai tsaye ba. Rahoton da ƙungiyar OECD ta haɗin kan ƙasashe a kan tattalin arziki ta fitar a 2015, wanda ya dogara da sakamakon jarrabawar ƙasa da ƙasa ta ɗalibai, wato PISA, ta 2012, ya nuna cewa ƙasashen da suka zuba kuɗi sosai a kan kwamfuta a makarantu ba su ga wani ci gaba na a zo a gani ba a karatu, lissafi ko kimiyya. Haka binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya wallafa a 2012 a kan shirin ba kowane yaro laftof a makarantun firamare na karkarar Peru: yara sun samu na'urori sun kuma iya amfani da su, amma makinsu na lissafi da harshe bai motsa ba. Ba ina cewa kwamfuta ba ta da amfani ba ne. Ina cewa ɗalibi ya yi alkawarin abin da zai iya tsayawa a kai. "Every student would have a machine to work on during the practical lesson" magana ce da za a iya tabbatarwa. "Our results will improve greatly" fata ne kawai. Wannan darasi na auna magana daidai da hujja ya fi duk wata ƙa'idar nahawu da za ki koyar a wannan aiki daraja, kuma zai bi su har jami'a.

Sai bayan sun tara abin faɗa za ki kawo tsari, kuma tsarin ba shi da wuya. Masanin harshe Michael Hoey ya bayyana wani zubi da rubuce-rubucen Turanci da yawa suke bi: halin da ake ciki, matsala, mafita, sannan auna mafitar. Takardar shawara a kan wannan zubi take zaune. Gabatarwa ta jimla biyu da ke faɗin abin da takardar ke nema da inda aka samo bayanan. Sashe a kan halin da ɗakin yake ciki, da adadi. Sashen shawarwari, wanda shi ne zuciyar takardar kuma ya kamata ya fi kowane tsawo. Sashe a kan abin da zai ci da abin da za a samu. Sai rufewa da neman amincewa a fili. Kowane sashe da ɗan kansa a sama, kamar "Current situation" da "Recommendations", domin mai karatu ya iya tsallakawa zuwa inda yake so.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne rabon wuri. Ɗalibi zai cinye kashi uku cikin huɗu na takardar yana bayanin matsala, shawarar kuma ya matse ta a layi biyu na ƙarshe. Ki sa su ɗauki biro su ja layi daga kowace matsala da suka ambata zuwa shawarar da ke magance ta. Matsalar da ba ta da layi, ko a cire ta ko a nemo mata mafita. Shawarar da ba ta da layi kuwa, daga sama ta faɗo, kuma yawanci ita ce inda wani ya saƙa son ransa, kamar a sayo na'urorin wasa.

Idan ɗalibanki suna shirin jarrabawar Cambridge ta matakin C1, wato C1 Advanced, furofozal yana cikin zaɓin da kan fito a kashi na biyu na takardar rubutu. Kalma 220 zuwa 260 ake nema, kuma minti 90 ake bayarwa ga ayyuka biyu. Ana ba da maki daga 0 zuwa 5 a kan abubuwa huɗu: ko an amsa duk abin da aka tambaya, ko salon ya dace da mai karatu da manufar rubutun, yadda aka tsara, da kuma harshen kansa. Ki lura harshe kashi ɗaya ne cikin huɗu. Ko ba jarrabawar suke nufa ba, ina son iyakar kalmomin nan, domin ɗalibin da aka ce kada ya wuce 260 ba shi da wurin ɓatawa a kan tarihin kwamfuta.

Game da yadda za ki gabatar da tsarin, hanyar da na fi yarda da ita ita ce wadda malamai a Sidni ta ƙasar Ostireliya, irin su Joan Rothery da J. R. Martin, suka gina tun daga shekarun 1980. Matakai uku ne: a warware samfuri tare, a rubuta ɗaya tare, sannan kowa ya rubuta nasa. Samfurin da za ki ba su kada ya zama a kan ɗakin kwamfuta, in ba haka ba kwafa za su yi. Ki rubuta a kan laburare ko filin wasa, ki yanka shi sakin layi sakin layi, ki cire kanun, ki ce su mayar da shi yadda yake su kuma faɗi aikin da kowane yanki yake yi. Mataki na biyu shi ne wanda malamai suka fi tsallakewa saboda ƙurewar lokaci, kuma shi ya fi amfani. Ki tsaya a gaban allo, su ba da jimla ki rubuta, ki tsaya ki tambaya: shugaban makaranta zai ji daɗin wannan kalmar? Wani ya ce "The computers are useless", wata ta gyara ta ce "Eight of the twenty computers do not start". A nan ne suke ganin yadda marubuci yake zaɓe da zubarwa, abin da samfurin da aka gama ba ya nunawa.

Yanzu harshe. Ba ya da yawa kamar yadda ake tsoro, kuma gara ki koyar da kaɗan su zauna daram.

Na farko, aikatau na ba da shawara. "Suggest" da "recommend" ba sa karɓar "to" da aikatau kai tsaye a bayansu, amma ɗalibai daga harsuna daban-daban suna rubuta "I suggest to buy". Daidai shi ne "I suggest buying" ko "I suggest that the school buy", haka ma "We recommend that the room be opened after lessons". Wannan "be" ɗin yakan ba su mamaki. Idan ya yi musu nauyi, "should be opened" ma daidai ne, musamman a Turancin Ingila. Na biyu, sunayen da ba sa ɗaukar jam'i, waɗanda wannan batu yake cike da su: "equipment", "software", "furniture", "information", "advice". Za ki ga "equipments" da "softwares" a kusan kowane daftari. Ki koya musu "a piece of equipment" da "three programs" tun kafin su fara. Na uku, bambancin "will" da "would". Tunda ba a amince da shawarar ba tukuna, sakamakonta sharaɗi ne, don haka "This would reduce waiting time". Wanda ya rubuta "will" kamar ya riga ya yanke wa shugaban hukunci ne. Na huɗu, jimlar da ba ta ambaci mai aikatawa ba. "The machines have not been serviced since last year" ta faɗi gaskiya ba tare da nuna kowa da yatsa ba, saɓanin "The school has refused to repair them". Wannan ita ce hanyar da za ki fitar da masu wasiƙar koke daga kokensu, domin mutum ba ya sakin kuɗi ga wanda ya fara da zarginsa.

Sauran ƙananan abubuwa ne: ba a taƙaita kalma kamar "don't", ba a sa alamar motsin rai, ba a tambayar da ba a neman amsarta.

Wani abu da ya kamata ki yi hattara da shi: ɗalibai da yawa suna ɗauka salon hukuma yana nufin manyan kalmomi da dogon ladabi. Sai ki ga sakin layi guda na gaisuwa da yabo, da "humbly beg" da "your highly esteemed office", kafin a zo ga magana. Niyyar mai kyau ce, kuma bai kamata a yi musu dariya ba. Amma a irin wannan rubutu na Turanci, girmama mai karatu yana bayyana ne ta hanyar rashin ɓata masa lokaci, da ba shi hujja, da bar masa hukunci. "The aim of this proposal is to recommend three improvements to the computer room" ta isa buɗewa. Haka nan jerin "moreover", "furthermore" da "in addition" a farkon kowace jimla ba ya haɗa tunanin da bai haɗu ba. Na fi son in ga "as a result" guda ɗaya a inda da gaske wani abu ya haifar da wani.

Idan daftarin farko ya zo, kada ki fara da jan biro. Ki sa su yi musaya, kowa ya zama shugaban makaranta a kan takardar abokinsa, ya amsa tambaya ɗaya a rubuce: na amince ko ban amince ba, kuma me ya sa? Za ki ji suna cewa "ban gane nawa kake so a saya ba" ko "wa zai zauna a ɗakin bayan an tashi?" Irin wannan suka daga ɗan aji ya fi shiga kunne. Idan kina so ki ƙara armashi, ki ce shawara ɗaya kawai kuɗin zai iya ɗauka, kowane rukuni ya kare tasa da baki na minti biyu.

Gyaran nahawu ya zo a daftari na biyu. Masana sun daɗe suna jayayya a kan amfaninsa. John Truscott ya rubuta a 1996 cewa a daina gyaran nahawu a rubutun masu koyon harshe gaba ɗaya, Dana Ferris ta mayar masa da martani a 1999, kuma muhawarar ta ci gaba shekaru. Ni a ganina tsakiya ce mafita, kuma binciken da ya biyo baya ya fi karkata can: gyaran da ya taƙaita a kan ƙa'idoji kaɗan yana tasiri. Tunda abubuwa huɗu kika koyar, su huɗun za ki bi. Ki ja layi a ƙarƙashin kuskuren, ki bar ɗalibi ya gyara da kansa. Sauran kurakuran da ba su hana fahimta ba, ki bar su zuwa wani aikin. Takardar da ta dawo jajir daga sama har ƙasa, ɗalibi maki kawai zai duba ya ninke ta.

Za ki iya fargabar cewa wasu za su sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta musu. Za su yi, amma aikin da aka gina a kan ƙirgar da suka yi da hannunsu yana rage wannan sosai, domin manhajar ba ta san na'ura nawa ce ta mutu a ɗakinku ba. Takardar da ta zo sumul babu adadi ko ɗaya daga binciken aji, kin san inda ta fito. Ki sa sharaɗi cewa kowace takarda ta ƙunshi aƙalla hujja uku daga abin da rukunoni suka tattara, kuma a rubuta daftarin farko a cikin aji.

Idan ajin naki bai kai matakin da zai rubuta kalma 250 ba, kada ki sauya aikin, ki rage shi. Matsala ɗaya, shawara ɗaya, amfani ɗaya, cikin kalma 100 zuwa 120, tare da farkon jimloli da kika rubuta musu a allo su ƙarasa. A zagaye na gaba ki cire farkon jimlolin. Sannan tun kafin a fara komai, ki sami shugaban makarantar ki gaya masa abin da kike shiryawa, ki roƙe shi ya karɓi takarda ɗaya da ajin zai zaɓa, ya kuma ba da amsa a rubuce, ko da amsar ita ce babu kuɗi a wannan zangon. Idan ya ƙi wata shawara ya faɗi dalili, kin samu darasi na gaba a shirye: su sake rubuta takardar ta yadda za ta amsa dalilin nasa.